Tabo Goma Sha Ɗaya

Talata, 6:50 na safe

Yau kwana uku ke nan matata tana gidan wanta. Zan riƙa rubuta komai da lokacinsa, saboda ranar da gaskiya za ta fito kada wani ya ce ya manta abin da ya faɗa. Shekara goma sha tara ina gyaran agogo. In ban iya komai ba, na iya lokaci.

Ranar Asabar da safe ta tafi gaishe da mahaifiyarta, wadda ke zaune a gidan wan nata. Ta naɗe hannun riga za ta taya su wanke-wanke, tsohuwar ta ga jikinta. Ƙarfe 4:20 na yamma wanta ya faɗo shagona ba sallama. Taya yake sayarwa, amma ni Alƙali zan riƙa kiransa a littafin nan, don shi ya yi ƙara, shi ya yi shari'a, shi ya yanke hukunci, duk a tsaye.

Ya ce, "Tabo goma sha ɗaya na ƙirga a jikin ƙanwata. Goma sha ɗaya! Kai da kake sum-sum kamar ba za ka iya kashe sauro ba."

Mutum huɗu ne a shagon. Gilashin aiki yana manne a idona, ban ma tuna na cire shi ba.

Ban dake ta ba. Na rubuta a nan: ban taɓa dukanta ba.

Laraba, 1:15 na rana

Wayarta a kashe.

Alhamis, 5:30 na yamma

Na buɗe shafi a bayan littafin nan, na jera waɗanda za su ba ni haƙuri:

Na ɗaya, Alƙali. A shagona, a tsaye, gaban mutane, ƙarfe 4:20.
Na biyu, surukata. Da fensir na rubuta ta, saboda babba ce.
Na uku, malamar makarantar nan da ta zo ta karɓe agogonta ban gama gyara ba, tana cewa "a bar shi kawai".
Na huɗu, mai kantin kusurwa, wanda yanzu sai ya sunkuya yana gyara kaya in zan wuce.
Na biyar, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, da ta kira ni ta ce, "Yaya, tsakaninka da Allah?"

Tela, wanda shagonsa ke jikin nawa, ya leƙo ya ga ina ja layi da rula. Ya ce, "Maigyara, sunayen 'yan wuta kake rubutawa? Ka duba da kyau kada ka sa ni."

Na ce shi bai yi komai ba.

Ya ce, "Ai ni na gaya musu, mutumin da in ya kama ƙuda sai ya ba shi haƙuri kafin ya sake shi. Amma wai ita me ta ce?"

An ce ta ce, "Ba ya duka na." Suka ce rufa mini asiri take yi. Daga nan ta yi shiru. Wannan shirun ban san layin da zan sa shi ba.

Asabar, 4:20 na yamma

Mako ɗaya cif.

Agogon marigayi mahaifinsu yana wurina. Alƙali ne ya kawo shi wata biyu da suka wuce, ya ce ba wanda ya yarda ya taɓa shi sai ni. Na gama gyara shi tuntuni. Yau na buɗe bayansa, na tsayar da shi a 4:20, na sa a aljihun tebur na kulle. In yana so ya zo ya karɓa. Sai ya shigo ta ƙofar da ya shigo.

Lahadi, 10:00 na safe

Na share ɗaki. Buroshin haƙorinta yana cikin kofi, gashinsa ya yi ja-ja. Ta sha gaya mini dasashinta na zub da jini. Na ce buroshin ne ya yi tauri, na sayo mata mai laushi. Ta ce tana gajiya, na ce kowa ma yana gajiya.

Ba wannan nake son rubutawa ba.

Akwai wata Alhamis kafin wannan Asabar ɗin. Babu abin rubutawa a kanta.

Talata, 7:40 na safe

Na gwada abin da zan faɗa masa a gaban madubi. Na farko ya yi tsawo. Na biyu akwai zagi a ciki, ba na so ya sami abin kamawa. Na uku: "Yaya, ƙirga kuma." Shi ke nan. Ya fi.

Ban dake ta ba.

Alhamis, 2:05 na rana

Matar Alƙali ta kira ni a ɓoye, tana magana ƙasa-ƙasa, ina jin ƙarar famfo a bayanta. Ta ce sababbin tabo sun fito. Uku a cinya, ɗaya a baya, ga wasu jajayen ɗige-ɗige a ƙafafu kamar an yayyafa. Kwana goma sha biyu rabona da ita.

A gidansa. A ƙarƙashin rufinsa.

Na ajiye wayar na yi dariya har Tela ya buga bango. Na ce masa, "Je ka tambayi Alƙali wa ke dukanta yanzu!"

Tela bai yi dariya ba. Ya cire allura daga bakinsa ya ce, "To in ba mai dukanta, me ke damun yarinyar mutane?"

Minti arba'in da suka wuce ke nan. Sai da Tela ya tambaya tukuna na tambayi kaina. Na rubuta wannan ma, tunda na ce komai zan rubuta.

Juma'a, 6:10 na yamma

Haɓo ya ɓalle mata tun ƙarfe goma sha ɗaya, ya ƙi tsayawa. Tana asibiti.

Asabar, 3:30 na yamma

Alƙali ya tare ƙofar ɗakin marasa lafiya da ƙirjinsa. Ya ce, "Ina za ka?" Na ce wurin matata. Ya ce, "Ka zo ka ƙarasa ne?"

Wata nas ta fito ta ce in kasuwa muke nema tana waje. Ta ce likita na son ganin mijin. Mijin. Na wuce ta gefensa a hankali, don ya ji kalmar sosai.

Likitar mace ce, gajera, ba ta ɓata magana. Ta ce akwai wasu ƙananan ƙwayoyi a jini da ke toshe ƙofa idan jijiya ta fashe. Mai lafiya yana da dubu ɗari da hamsin ko fiye a awon da suke yi. Matata tana da dubu goma sha tara. Ta ce mai wannan adadin, ko gefen gado ya goga sai jini ya kwanta masa.

Na rubuta 19,000 a tafin hannuna. Na fito na buɗe wa Alƙali hannun a fuska. Ya ce, "Lambar me ce wannan?" Ban gaya masa ba. Ba a barandar asibiti zan kashe wannan harsashin ba.

Na gan ta ta gilashin ƙofa. Auduga a hanci. Ta rame. Ta gan ni, ba ta kawar da kai ba, ba ta kuma kira ni ba.

Litinin, 12:00 na rana

Magani. Allura. Awo. Ƙwayoyin jinin sun kai dubu ashirin da ɗaya.

Laraba, 12:00 na rana

Dubu goma sha takwas. Ba su san inda ƙwayoyin ke zuwa ba. Sun duba ɓargo, suka ce yana aikinsa, yana ƙera su, amma wani abu na cinye su a hanya.

Surukata ta amsa gaisuwata yau, da rabin baki. Ban goge ta ba. Rabin baki ba haƙuri ba ne.

Juma'a, 5:45 na yamma

Wani likita ya sa abin sauraro a ƙirjinta ya daɗe, ya ce yana jin wani ɗan sauti da bai gane ba. Suka yi hoton zuciya. Likitarmu ta kira mu biyu, ni da Alƙali, ta juyo mana allon na'ura.

Ta ce zuciya tana da ƙofofi masu buɗewa da rufewa. Alƙali ya ce, "Kamar bawul ɗin taya?" Ta ce haka ne. Ya kalle ni kamar ya ci jarrabawa.

A jikin ɗaya daga ƙofofin akwai ɗan tsiro, milimita tara, mai gashi-gashi, yana kaɗawa duk bugun zuciya. Na gan shi da idona. Ta ce ga dukkan alamu ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa. Amma suna zargin ƙwayoyin nan suna maƙalewa a jikinsa suna lalacewa. Ta ce abu ne da ba kasafai ake gani ba, kuma ba za ta rantse ba sai an cire shi an ga ko adadin ya dawo. Ta ce ko ba don haka ba ma dole a cire, don in wani ɓangare ya ɓalle ya bi jini zuwa kai, ɓarin jiki na iya shanyewa.

Milimita tara. Ina da batirin agogo mai wannan faɗin. Na dawo shago na ɗauko ɗaya da hantsaki na ɗora a farce. Wannan ne ya raba ni da matata, ya sa mai kanti yake sunkuyawa.

Ni da nake kara agogo a kunne in gaya wa mutum abin da ke damunsa. Shekara goma sha shida ina kwana kusa da wannan ƙirjin.

A'a. Ba aikina ba ne. Likita ma sai da na'ura.

Asabar, 4:20 na yamma

Mako uku. Alƙali ya ji komai da kunnensa jiya. Bai ce mini "yi haƙuri" ba. A bakin ƙofar asibiti sai ya ce, "Allah ya ba ta lafiya," kamar ni ne baƙon.

Zai faɗa. Ko da shekara goma ce zan jira.

Litinin, 11:20 na safe

Na roƙi likita ta rubuta mini takarda cewa ba duka ba ne. Ta cire tabarau ta ce, "Malam, jibi za a buɗe ƙirjin matarka, kai kuma takardar wanke kai kake nema?"

Na ce ba ta san abin da aka yi mini ba.

Ta ce, "Ni abin da na gani a jini nake rubutawa. Abin da ya faru a gidanku ban gani ba."

Ta ba ni takardar bayanin ciwon, da izinin mai jikin. Akwai layin da ya ce ƙarancin ƙwayoyin yana sa jini ya kwanta a fata ba tare da wani rauni ba. Na ja masa layi da jan biro. Na yi kwafi biyar, kowanne da ambulan ɗinsa.

Me ya sa ta ce "abin da ya faru a gidanku"? Wa ya gaya mata wani abu ya faru?

Talata, 2:30 na rana

Ana bukatar jini kafin aiki. Sai ga ni ga Alƙali a gado biyu, kafaɗa da kafaɗa, hannuwa a miƙe. Ashe ƙaton nan tsoron allura yake. Gumi ya jiƙe masa riga, yana kallon silin yana motsa baki.

Nas ta ce, "Baba, saki jikinka mana, ba yanka ka zan yi ba."

Na ce, "Ki bi shi a hankali, Sista. In tabo ya fito, ni za a ce."

Nas ba ta gane ba. Shi ya gane. Ya juyo da ƙyar ya ce, "Kai dai ba ka da mutunci."

Na ce, "An riga an gaya wa unguwa, Yaya."

Ledar jinina ta riga tasa cika da minti huɗu. Na ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata.

Da za mu fita ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ta tambaye ka jiya." Na ce me ta ce? Ya ce, "Cewa ta yi ko kana cin abinci." Ya wuce.

Laraba, 7:55 na safe

Sun shiga da ita. Ita ta sa hannu a takardar da kanta. Da ni da wanta duk mun miƙa hannu za mu karɓi biro, ta ce, "Zuciyar wa za a buɗe?"

Laraba, 10:00 na safe

Agogon bangon nan yana baya da minti shida. Ba wanda ya damu.

Laraba, 11:30 na safe

Ranar Alhamis ɗin nan ta sa mayafi ta ce za ta je wanta ya kai ta asibiti, tunda ni na ce buroshi ne.

Ba yanzu ba.

Laraba, 1:48 na rana

An fito. An cire shi duka, ƙofar zuciyar ma ba a canza ta ba. Surukata ta zauna a ƙasa tana kuka. Alƙali ya rungume ni kafin ya tuna, ya sake ni kamar ya taɓa tukunya mai zafi.

Runguma ba haƙuri ba ce. Na lura da ita dai.

Asabar, 12:00 na rana

Dubu sittin da huɗu, kuma ba a ƙara mata komai ba tun jiya.

Talata, 12:00 na rana

Dubu ɗari da goma. Sakamakon tsiron ya dawo, ba daji ba ne. Likita ta ce alama ta yi kyau, amma za su ci gaba da awo wata da watanni. Ta yi murmushi yau, karo na farko.

Na kai wa mai kanti ambulan ɗinsa. Ya karanta, ya ce shi dama bai taɓa yarda ba, ciwon baya ne ke sa shi sunkuyawa. Na soke shi daga layi. Ban ji abin da na zaci zan ji ba. Ƙila don shi ƙarami ne. Babban yana nan.

Alhamis, 8:15 na safe

Gobe za a sallame ta. Kowa zai zo: tsohuwa, Alƙali da matarsa, ƙanwata. Na fasa jiran shago. A gabansu zan karanta, sannan in ce, "Yaya, ƙirga kuma." Daga nan in ɗauki jakarta mu tafi gida. Na wanke labule, na goge rigata.

Tela ya ce, "Maigyara, matar za ka ɗauko ko kofin gasa?"

Na ce duka biyu.

Juma'a, 6:30 na yamma

Zan rubuta yadda ya faru, a jere.

3:10 na shiga. Duk suna nan. Tana zaune a bakin gado, an haɗa jaka. Na ciro ambulan. Na ce ina da magana. Ta kalli ambulan ɗin, ta kalle ni, ta ce, "Inna, Yaya, ku ɗan ba mu wuri."

Suka fita. Ta ce in zauna. Ban zauna ba.

Ta naɗe hannun rigarta na hagu har kafaɗa. Fatar ta washe, ba komai. Ta ce, "Yaya ya ƙirga goma sha ɗaya. Bakwai na ciwo ne, takardarka ta yi bayaninsu." Ta ɗora yatsunta huɗu a damtsen, a jere. "Waɗannan fa?"

Na ce likita ta ce ko gefen gado.

Ta ce, "Gado ba shi da yatsu."

To. Ranar Alhamis ɗin nan, 9:05 na safe, a bakin ƙofar ɗakinmu. Ta ce za ta wurin wanta ya kai ta asibiti. Na kama damtsenta. Na ce ba za ta je ta roƙi mai taya ba kamar ba ta da miji. Ta ce, "Sake ni, kana ji mini ciwo." Ban sake ba sai da ta cire mayafin. Na san tsawon lokacin. Ina kallon agogon bango ta saman kanta. Daƙiƙa arba'in.

Ban dake ta ba. Sau nawa na rubuta haka a littafin nan? Gaskiya ce, kuma a bayanta na ɓuya mako biyar.

Ta ce, "Ban gaya wa kowa ba. Da suka ce kana duka na, na ce ƙarya ne, don ƙarya ne. Amma na kasa cewa ba ka yi komai ba, shi ya sa na yi shiru. Ciwon ne ya sa shatin ya fito. Da lafiyata ƙalau, da ba wanda zai gani, har kai." Ta sauke hannun rigar. "In ka karanta musu takardar nan, za su ba ka haƙuri, ni kuma zan bi Yaya. Ba zan iya zama ina kallonka kana cin nasara ba."

3:31 na buɗe ƙofa na ce su shigo. Alƙali ya tsaya ya harɗe hannuwa. Ambulan yana hannuna. Na ce, "Yaya, bakwai na ciwo ne. Huɗu nawa ne." Na faɗi sauran, da lokacinsa.

Ƙanwata ta rufe baki. Tsohuwa ta ce, "Kai, ɗan nan." Alƙali ya buɗe baki, na ga hukunci yana tahowa, sai matata ta ce, "Yaya, kai ma ka yi naka. Kwana goma sha uku ina gidanka ina zub da jini, kana ta ƙirga tabo kana kiran dangi a waya. Asibiti sai da haɓo ya kai ni." Ya rufe bakin.

Ba ta biyo ni ba. Ta ce za ta yi jinya wurin Inna tukuna. Da za ta shiga mota ta kwance agogon hannunta, wanda na ba ta shekarar aurenmu. Ya yi mata yawa yanzu, yana zamewa har tsakiyar hannu. Ta ce, "Ka rage shi. Ka kawo mini da kanka."

Asabar, 4:20 na yamma

Na tayar da agogon marigayi, na saita shi, na ba Tela ya kai wa mai shi. Alƙali bai ba ni haƙuri ba. Ban soke sunansa ba, kuma ba na jin zan soke a wannan shekarar. Na dai ƙara layi na shida a ƙasa, da biro: ni, in ba matata haƙuri.

Lahadi, 9:05 na safe

Na cire gaɓa biyu daga madaurin agogonta. Na auna, na sake aunawa, na mayar da ɗaya. Gara ya yi sako-sako.